Unguwar Mutane Irina

Talata, 8 ga Oktoba, bayan Magariba

Jiya na iso Paris da jaka ɗaya. Mounkaila ya tarye ni a tasha. Mutumin Tawa ne, mun saba tun lokacin da nake zuwa Aubervilliers da kamiyon Kawu Badaru ina ɗaukar kaya zuwa Lyon. Ya shimfiɗa mini katifa a ƙasan ɗakinsa. Su huɗu ne a gidan, duk ƴan Nijar, duk a depo suke aiki. Bai tambaye ni abin da ya kawo ni ba sai da ya ga leɓena.

"Mi ya same ka ga baki?"

"Ƙofar kamiyo ce."

"Ƙofar kamiyo," ya ce, ya turo mini kwanon shinkafa da wake.

Shekara goma sha biyu ina gidan Kawu a Rillieux, tun da na baro Maraɗi ina saurayi. Shi ne yayan Innata. Shi ya koya mini tuƙi, shi ya koya mini yadda ake magana da ƴan duwan. Abin da ya faru ranar Lahadi ba zan rubuta shi ba. Na ajiye makullin gida da na kamiyo bisa tebur, Hajiya Hassia ta rufe ƙofar kicin a hankali don kada yara su ji. Iyakar abin da zan ce ke nan.

Amine bai kira ba.

Alhamis, 10 ga Oktoba, lokacin hutun rana

Na samu aiki a depon da Mounkaila yake. Takalma ne, kwali bisa kwali har rufi. Patron ɗan China ne, ya dubi kafaɗuna ya ce in fara yau. Hannuna duk warin roba.

Bari in rubuta ko wane ne Amine, ko don in ga sunansa a gabana. Mai gasa burodi ne a Croix-Rousse, iyayensa mutanen Aljeriya. Shekara uku muna tare. Ina son shi irin son da a gidanmu ba a yarda namiji ya yi wa namiji ba. Na rubuta. Takarda ba ta kama da wuta ba.

A Lyon mun san inda za mu tsaya da inda ba za mu tsaya ba. Bakin kogin Saône da sassafe, in ya gama gashi. Wani benci a bayan coci. A Guillotière kuwa, inda shagon Kawu yake, ko gaisuwa ba ma yi. Mun ƙware sosai, har ranar da muka yi sakaci.

Na aika masa saƙo. Ya nuna an karanta.

Asabar, 12 ga Oktoba, bayan La'asar

Da safe Mounkaila na wanka, na rubuta a waya da Faransanci: wace unguwa ce a Paris mutane irina ke zama lafiya? Na goge kafin ya fito. Duk inda na duba amsa ɗaya ce, Marais.

Na sa rigata mai kyau, na cire, na sa ta aiki, na sake mayar da mai kyau. Na ce wa Mounkaila zan je in ga gari. Metro bakwai ya kai ni kai tsaye.

Tutoci masu launin bakan gizo a tagogi, har wurin tsallaka titi an shafa masa launin. Na ga maza biyu riƙe da hannu, sai dariya ta kusa kama ni. A Maraɗi haka muke yawo da abokai daga kasuwa har gida, babu mai cewa komai, don ba ya nufin komai. Tun da ya fara nufin wani abu a wurina ban ƙara riƙe hannun kowa a titi ba.

Abin da ya tsaya mini a rai wasu maza biyu ne da keken jariri. Faɗa suke, ɗaya na cewa kai ka manta hular yaro, ɗaya na cewa a'a, kai ne ka fito a ƙarshe. Na bi bayansu har kwana ina saurare. Ban taɓa sanin irinmu na samun sararin da za su yi faɗa a kan hular jariri ba.

Na tsaya a tsallaken wata mashaya. Kiɗa, dariya, mutane cike har bakin titi, kowa da kofi a hannu. Ni ba na sha. Kuma ban ga baƙar fata ba sai mai gadin ƙofa. Ya dube ni, na dube shi, ya ɗan matsa gefe alamar in shiga. Sai na duba agogo kamar wani nake jira. La'asar ta yi, ban san inda ake alwala a wannan unguwa ba. Na dawo.

Mounkaila ya ce, "Ya ka ga garin?" Na ce da kyau.

Lahadi, 13 ga Oktoba, da hantsi

Yau Lahadi. Na wanke tufafina duka, har waɗanda ba su yi datti ba.

Laraba, 16 ga Oktoba, bayan an tashi aiki

Yasmine ta kira. Ɗiyar Kawu ce ta fari, a nan aka haife ta, ni na riƙa kai ta lakwal tana ƙarama. Yanzu tana karatun aikin likita. Daga tashar bas take magana, ina jin iska.

"Yaya Illa, *ça va*? Kana cin abinci?"

Na ce ina ci. Na tambayi Hajiya, na tambayi yara. Ban tambayi Kawu ba, ita ta faɗa. Ba ya cin abinci da kowa, yana zaune a falo da talabijin a kashe.

Sai ta yi shiru, ta ce, "Akwai abin da ya kamata ka sani. Papa ya je gidan burodin. Ranar Litinin. Baban Amine na wurin."

Na zauna bisa kwali.

"Ban san abin da ya ce ba, *je te jure*. Amma mutane na ciki."

Ni ina nan ina ƙirga masa laifin shiru, ashe wutar da na baro ta bi ta kansa. Na tafi na bar shi da ita.

Kafin ta ajiye ta ce, "Ni dai yayana ne kai. Tun ina *collège* na sani. Duk lokacin da ka dawo da burodi fuskarka daban take." Na ce ta shiga bas kada ta makara.

Amine bai kira ba. Na daina aika saƙo.

Asabar, 19 ga Oktoba, da yamma

Na koma Marais, yau kuma na shiga. Wani ƙaramin wurin shan kafe ne, ba hayaniya. Na zauna a lungu da shayi.

Wani Bature mai furfura ya nemi izini ya zauna kusa da ni. Mutumin kirki ne, ba zan ce ba haka ba. Ya tambaye ni ƙasarmu, na ce Nijar, ya ce Nijeriya, na ce Nijar. Ya dafa hannuna ya ce lalle na sha wuya a hannun mutanena da addininsu, amma yanzu na tsira, in manta da su duka.

Sai na ji bakina na cewa kawuna mutumin kirki ne, ya riƙe marayu, bai taɓa cin haƙƙin kowa ba. Ina kare Kawu a gaban baƙo, leɓena ko gama warkewa bai yi ba. Mutumin ya rasa abin faɗi, ya ba ni haƙuri, ya tashi.

Yarinyar da ke kawo shayi ta ji komai. Sunanta Fatou, iyayenta ƴan Mali, kanta a aske ƙwal. Tana goge teburina ta ce, ba tare da ta dube ni ba, akwai wani zama da ake yi kowace Lahadi da rana a Belleville. Ƴan Afirka da Larabawa, maza da mata. Ba giya, shayi ne da surutu.

"Can ba sai ka zaɓi rabi ka bar rabi a ƙofa ba," ta ce. Ta karɓi wayata ta rubuta adireshin.

Lahadi, 20 ga Oktoba, bayan Magariba

Hannuna na rawa, amma sai na rubuta.

Ɗaki ne a ƙasan wani bene, bayan shagon kayan miya. Kujerun roba a zagaye, butar shayi na tafasa, wata mata daga Kamaru na raba ƙosai irin nasu. Aka ce kowa ya faɗi sunan da yake so a kira shi da shi. Da aka zo kaina na ce Moctar.

Na gefena wani dattijo ne siriri, da hula da tabarau. Yana zuba mini shayi wani ya bangaje shi, ruwan zafi ya zubo mini a hannu. Ban san lokacin da na ce, "Wayyo Allah!" ba.

Ya ajiye butar. Ya dube ni ta saman tabarau. Da Hausa tsantsa ya ce, "Sannu. Wannan wayyo Allahn na Katsina ne ko na Maraɗi?"

Cikina ya ɗuri ruwa. Na dubi ƙofa. Bahaushe a nan yana nufin gobe labari ya kai Barbès, jibi ya kai Lyon.

"Kwantar da hankalinka, ƙanena," ya ce. "Ka gan ni, na gan ka. In na faɗa, ni ma sai an tambaye ni abin da ya kawo ni."

Sunansa Mika'il, tela ne, mutumin Kano. Ya fi shekara ashirin a Paris. Ya jawo kujerarsa ya fuskance ni, ya fara gaisuwa tun daga farko, kamar a zaure muke.

"Ina wuni?"

"Lafiya lau."

"Ina gajiya?"

"Babu gajiya."

"Ya sanyi? Ya baƙunta?"

"Da godiya."

"Ya mutanen gida?"

Nan na tsaya. Na buɗe baki in ce lafiya lau, abin ya ƙi fitowa. Tun ranar Lahadin nan ban yi kuka ba, ko a mota, ko a katifar Mounkaila. Sai yau, gaban mutanen da ban sani ba, saboda an tambaye ni mutanen gida. Bai ce in yi shiru ba. Ya jiƙa tsumma da ruwan sanyi ya ɗora mini a hannun da ya ƙone, ya riƙe har na gama.

Da za mu rabu na ce, "Malam Mika'il, sunana ba Moctar ba ne. Illiassou ne."

"Na sani ba Moctar ba ne. Sau biyu aka kira Moctar ba ka juyo ba."

Talata, 22 ga Oktoba, da asuba

Na yi barci har sai da Mounkaila ya tashe ni salla. Ya ce ina ta murmushi cikin barci kamar wanda aka yi wa albishir.

Lahadi, 27 ga Oktoba, bayan Isha'i

An mayar da agogo baya, duhu ya yi da wuri.

Malam Mika'il ya gayyace ni cin abinci kafin zaman. Gidansa na Ménilmontant, bisa tudu, saman shagonsa na gyaran tufafi. Ya hana ni ce masa Malam, ya ce in ce Yaya. Wanda ya buɗe mini ƙofa wani ƙaton mutum ne mai gemu da zanen girki ɗaure a ƙugu. Nassim ke nan, ɗan Tunisiya, ma'aikacin jinya. Shekara goma sha shida suna tare. Ya ce mini "Sannu da zuwa" da Hausa, ya ƙara da "Ina jin yunwa," ya ce iyakar Hausarsa ke nan, kuma ta ishe shi zaman aure.

Tuwon semo da miyar kuka. Na ci har na ji kunya.

Na faɗa wa Yaya Mika'il yadda na yi a Marais. Ya yi dariya ya ce shi ma ya taɓa tsayawa a wannan tsallaken titin da babbar riga.

"Mu a Kano masu harka muke ce wa kanmu, mu gane juna da ido, mu wuce. Da na zo nan na ɗauka sai inda aka kafa tuta zan zauna. Marais na da amfani, kada ka raina shi, mutane sun sha wuya kafin a kafa tutar nan. Amma wurin yawo ne. Ka ga tsohuwar da ke sayar da kayan lambu a ƙasa? In ta kwana biyu ba ta ga Nassim ba sai ta tare ni, ina mutuminka, lafiya? Ni abin da ya zaunar da ni a layin nan ke nan."

Na ce, "Babu masu zagi?"

"Akwai. Bara wani ya tofa mana yawu a bakin metro. Ba aljanna na ce maka ba."

Azahar ta yi, ya tashi ya yi alwala. Na bi shi da kallo. Na ce, "Yaya, kana salla?"

"Wa ya karɓe mini alƙibla?"

"Amma abin da malamai ke faɗi..."

"Na ji, kuma ban fi su sani ba. Akwai abin da ban warware ba har yau, ina jin da shi za a binne ni. Amma ba zan ƙara wa kaina da barin salla ba. Tashi, akwai darduma biyu."

Muka yi tare. Nassim ya rage rediyo, ya ci gaba da wanke kwanoni.

Akwai ɗan ɗaki a bayan shago, da tsofaffin kekunan ɗinki a ciki. Yaya ya nuna mini ya ce in na taɓa buƙata. Na ce ina da wuri, na gode.

Na so in ba Amine labarin miyar kuka. Shi kaɗai na so in ba.

Laraba, 30 ga Oktoba, bayan an tashi aiki

Patron ya aike ni Barbès da kwalaye. Ranar kasuwa ce, ƙarƙashin gadar metro ba wurin sa ƙafa. A bakin wani shagon waya na yi kiciɓis da Alhaji Adam, abokin cinikin Kawu, wanda ya sha kwana a gidanmu a Rillieux. Na ajiye kwali na russuna na miƙa hannu biyu.

Ya dubi hannuna. Ya gyara hularsa. Ya tambaye ni a wane depo nake, wurin wa nake kwana. Na faɗa masa, don ban iya yi wa babba ƙarya ido da ido ba.

Hannuna na nan a miƙe har ya shige shago.

Juma'a, 1 ga Nuwamba, bayan La'asar

Yau hutu, ba aiki. Bayan masallaci Mounkaila ya ce mu taka bakin kanal. Muka yi tafiya mai nisa bai ce uffan ba. Ganyaye sun cika ruwan. Sai ya tsaya ya jingina da ƙarfe.

"Alhaji Adam ya yi magana. Ƴan ɗakinmu sun jiya."

Na ce to.

"Gaskiya na?"

Na ce e. Ban san muryata za ta fito ba, amma ta fito.

Ya daɗe yana kallon ruwa. "Illiassou, ni ban gane wanga abu ba, kuma ba ni son in gane. Ban yarda da shi ba, kada ka ɗauka na yarda." Ya share hanci. "Amma tun randa ka ce mini ƙofar kamiyo na san hannun mutum na. Kuma kwano ɗaya muka ci."

Sauran ukun sun ce ko ni ko su. Ya yi musu gardama har murya ta tashi, amma gidan ba nasa ba ne shi kaɗai.

"Kana da wurin zuwa?"

"Ina da."

"Mutanen kirki?"

"Na kirki."

"Suna salla?"

"Ɗaya na yi."

Sai ya yi ƴar dariya ba da son ransa ba. "To ai mu ma ɗakinmu haka abin yake." Ya ce aiki kuwa kada in kuskura in fasa zuwa, patron ba ya jin Hausa, kuma duk wanda ya taɓa ni a depo da shi zai yi.

Da muka juyo ya riƙa tafiya ɗan nesa da ni, ba kamar da ba. Na lura. Shi ma ya san na lura.

Lahadi, 3 ga Nuwamba, da rana

Mounkaila ya ɗaukar mini jaka har bakin metro. Bai ba ni hannu ba, ya dafa kafaɗata ya juya da sauri.

Nassim ya kwashe kekunan ɗinki, ya sa labule. Ɗakin na warin man keke da sabon yadi. Taga na kallon bayan gidan wata mata mai shanya tufafin yara.

Laraba, 6 ga Nuwamba, kafin Magariba

Inna ta kira.

Na ga lambar ƙanena daga Maraɗi, na san ita ce. Na fita bayan depo. Ni ne ɗanta na fari, ba ta taɓa kiran sunana ba, "kai" kawai take cewa. Muka gaisa, ta tambayi aiki, ta tambayi sanyi. Ina jin awaki a bayanta da muryar mai tallan fura.

"Yaya Badaru ya kira ni."

Na durƙusa a wurin, kamar tana ganina.

"Rabin abin da ya ce ban fahimta ba. Rabin da na fahimta na roƙi Allah shi mantar da ni." Ta yi tari. "In abin bari ne, ka bari."

"Inna..."

"Kada ka ba ni amsa. In ka ba ni amsa dole in ce wani abu, ni kuwa ban shirya ba."

Muka yi shiru, kuɗin waya na tafiya, babu wanda ya ajiye.

"An ce ka bar gidan. Inda kake akwai bargo?"

"Akwai."

"Wa ke dafa maka?"

"Wani dattijo, mutumin Kano. Har miyar kuka."

"Kanawa ba su iya kuka ba," ta ce. Na ji muryarta ta karye a ƙarshen maganar.

Duk wayar da muka taɓa yi da albarka take rufewa. Na jira. Na ji ta ja numfashi, na ji ta ce wa wani a tsakar gida ya kore akuyar nan. Har na fidda rai.

"Allah shi shirya. Allah shi yi maka albarka."

Ta kashe. Na zauna a bayan depo har sanyi ya shiga ƙashina. Ban san ko za ta sake kira ba. Amma ta faɗa, da kunnena na ji.

Juma'a, 8 ga Nuwamba, da sassafe

Saƙo daga Amine, lokacin da yake fitar da burodin farko. Litinin shago a rufe. Zai shigo jirgin safe, ya koma da yamma. Bai ƙara komai ba.

Na karanta wa Yaya Mika'il. Ya ce, "Yana cin yaji?"

Asabar, 9 ga Nuwamba, da yamma

Wataƙila zuwa zai yi ya faɗa mini a gaba, don shi ba mai rabuwa ta waya ba ne. Na yi aski duk da haka.

Litinin, 11 ga Nuwamba, bayan Magariba

Ya rame. Shi na fara gani a cikin taron, da tsohuwar jakarsa da ledar takarda a hannu. Muka tsaya gaban juna kamar baƙi. Ya miƙo mini ledar, burodi ne, ya ce na jiya ne, ya yi haƙuri. Ya dubi leɓena ya kawar da kai.

Muka zauna a wani benci a wajen tasha. Ya ce babansa bai ƙara yi masa magana ba. Mamarsa na zuwa shago ta ƙofar baya, ta zauna bisa buhun fulawa ta yi kuka ta tafi. Wasu masu sayen burodi sun daina zuwa. Wasu kuma da bai taɓa zato ba sun fara saye biyu.

"Ban kira ka ba, Ilyès, don duk lokacin da na ɗauki waya haushinka nake ji. Ka tafi, ni na tsaya a bayan kanta ina ba mutane canji. Na san ba ka da zaɓi. Amma haushin bai san haka ba."

Na ce yana da gaskiya.

"Ba zan iya barin Lyon yanzu ba. Ban zo da alkawarin komai ba."

Na ce ban tambaye shi alkawari ba.

Ya murza idonsa da bayan hannu. "To. Nuna mini unguwar taka."

Muka shiga bas. Ina ta nuna masa abubuwa ta taga, ga kasuwa, ga inda ake hawa tudu, yana cewa uhm. Sai na ji nauyi a kafaɗata. Ya yi barci, bakinsa a ɗan buɗe, gashinsa na taɓa wuyana.

Jikina ya sandare. Bas cike, rana tsaka. Na fara duba fuskoki ɗaya bayan ɗaya, kamar yadda na saba. Wani saurayi na danna waya. Wani Balarabe na karanta jarida. Gabanmu wata tsohuwa ce baƙar fata da ɗankwali, tana magana da ƙarfi a waya da wani harshe da ban sani ba. Ta ɗago ta gan mu. Ta dubi Amine, ta dube ni. Sai ta rufe bakin wayar da tafin hannu, ta rage murya.

Muka iso tasharmu. Na ga shagon Yaya Mika'il ya wuce, na ga tsohuwa mai kayan lambu. Ban motsa ba. Kafaɗata ta yi tsami, na bar ta. Mutane na sauka, bas na raguwa, har ya rage mu biyu da direba.

A ƙarshen layi direba ya kashe mota ya leƙo ta madubi. Amine ya buɗe ido ya share baki.

"Mun iso?"

"Mun wuce tun ɗazu."

"Me ya sa ba ka tashe ni ba?"

Na ce ban ga dalili ba.

Wayata ta yi ƙara, Yaya Mika'il ne. "Kai ɗan Maraɗi, kuna ina? Tuwo na hucewa, Nassim ya fara faɗin Hausarsa." Na ce ga mu nan.

Amine ya ɗaga wuyan rigarsa ya dubi gangaren. "Da nisa?"

"Da ɗan nisa."

"Mu taka," ya ce. "Ka nuna mini duk abin da na yi barci ban gani ba."